Neman kalma: me za mu ce da "defamation" a shari'ar Turner da Wells?

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum malamai. Ƙarfe 4 zan shiga situdiyo. Labarin Jim Turner ne, tsohon mai horarwa a Miami Dolphins, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Hukumar gasar, NFL, ta ɗauko lauya Ted Wells ya binciki muzgunawar da aka yi wa ɗan wasa Jonathan Martin, rahoto ya fito a Fabrairun 2014, aka sallami Turner, shi kuma ya maka Wells a kotu a 2015. Ƙarar ɓatanci zan ce ko ƙazafi?

Mai fassara: Wa alaikumus salam. Ɓata suna, Malam. Kada ka taɓa ɓatanci, kunnen mai sauraro addini zai tafi.

Barista: Ƙazafi ma ka ajiye shi. A fiƙihu jifan mutum da zina ne, haddinsa bulala 80. Turner kuwa diyya ya nema. Ɓata suna ya ɗauki na baka da na rubuce, sai ka ƙara "a rubuce" tunda rahoto ne. Inda za ka sha wuya shi ne dalilin faɗuwar Turner a shari'ar. Kotun ɗaukaka ƙara a 2018 ta ce yawancin kalaman da ya yi ƙorafi a kai ra'ayi ne da aka gina a kan hujjojin da rahoton ya bayyana. Sannan tunda sananne ne, dole ya nuna "actual malice", ƙa'idar da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a 1964.

Malamin Hausa: Barista, ina kuka bar yarfe? Kalma ɗaya tak, Bahaushiya tsantsa, ba aron Larabci. Ƙarar yarfe. Kullum sai ku jera kalmomi kamar harshen ba shi da arziki.

Barista: Allah gafarta Malam, yarfe ya riga ya yanke cewa ƙarya aka yi da gangan. Wannan kuwa shi ne abin da kotu ta ce Turner bai nuna ba. In aka faɗe shi a rediyo, shirin ne ya ɓata sunan Wells.

Malamin Hausa: To "kotu" da "lauya" fa? Mun miƙa wuya ke nan? Iyayenmu gaban alƙali suke cewa.

Mai fassara: Alƙalin ma daga Larabci ya zo, Malam. Kuma ɓata suna duk kalmominsa namu ne.

Malamin Hausa: Wanda ya shekara ɗaruruwa a bakinmu daban, wanda aka ɗora mana jiya daban.

Mai shirin wasanni: Don Allah malamai, saura minti 40. "Mugun nufi" ya yi a matsayin "actual malice"?

Barista: Bai yi ba. Ba ƙiyayya ake nufi ba. Ka ce: ya san ƙarya ne ya wallafa, ko ya wallafa bai damu ko gaskiya ne ko ƙarya ba. Haka kuma "bincike mai zaman kansa", ka sa masa ido. NFL ce ta ɗauko Wells. "Lauyan waje da hukumar ta ɗauko" ya fi gaskiya.

Malamin Hausa: Ɓata sunan na bar muku, don lokaci ya ƙure. Amma wannan doguwar jimlar bayani ce, ba kalma ba. Ban yarda an gama ba.

Mai shirin wasanni: Na ɗauki "ƙarar ɓata suna a rubuce". Ɗayan zan karanta shi yadda Barista ya warware. Na gode, na shiga.