Allah Ya Gyara Rimi, Ceɗiya Ta Bar Fushi

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar da nake so mu ɗan zauna a kanta ita ce: "Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi." Na ɗora wata 'yar gajeriyar waƙa a kanta, ga ta nan:

Na ga rimi tsaye da asuba,
Kansa ya riga gari ganin rana.

Hunturu ya zo ya tuɓe shi sarai,
Rassa tsirara suna nuna sama.

Ceɗiya na gefe da koren mayafi,
Ta saki saiwoyi suna neman ƙasa.

Ɗan rimi ya fashe, auduga ta tashi,
Iska ta ɗauka, wa ya san masaukinta?

Wanda ya ba wannan tsawo ya ba waccan inuwa,
Ceɗiya bar fushi, kowa da rabonsa.

Wata da ta karanta ta ce mini na juya maganar magabata, wai na mayar da rimi abin tausayi na ɗaukaka ceɗiya. Shin waƙar tana tafiya da karin maganar ne, ko ta kauce mata?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Mu fara da yadda ake faɗin maganar tukuna. Mai hassada ake gaya wa ita. An ba wani kyau, ko murya, ko farin jini, ko ƙwaƙwalwa, na kusa da shi ya kumbura yana cika yana batsewa, sai babba ya dube shi ya ce Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi. Ma'ana, wanda kake jin haushinsa ba shi ya yi kansa ba, in rigima za ka yi to da Mahaliccinsa kake yi. Rimi adon gari ne, tun daga nesa shi ake fara hangowa, kuma bai roƙi tsawon nan ba.

To a nan ne nake ganin mai maganar can tana da ɗan gaskiya. Karin maganar ba ta yi wa ceɗiya alkawarin komai ba. Ba ta ce ki yi haƙuri ke ma kina da inuwa ba. Cewa ta yi ki bar fushi, shi ke nan, don aikin Allah ne. Waƙarki kuwa lallashi take yi, ta tsaya tana lissafa wa ceɗiya abin da aka ba ta. Wanda ya bar hassada don an nuna masa shi ma yana da nasa, ran da ya duba ya ga nasa bai kai ba, fushin zai dawo.

Malam Mai Alli:
Baban Sadiya ya kama ma'anar karin maganar daidai, amma ina roƙon mu kalli waƙar da idon waƙa. Ni abin da ya tsayar da ni shi ne inda kowane abu ya dosa. Rassan rimi sama suke nunawa. Saiwoyin ceɗiya ƙasa suke nema. Auduga kuma ba sama ba ƙasa, iska ce ke da ita. Marubuciyar ba ta ce mana ga mai ɗaukaka, ga mai tawali'u, ga wanda ƙaddara ke ja ba. Ta zana abin da ido ke gani, ta bar mu da shi. Wannan shi ne alamtarwa, a ajiye abu na zahiri ya tsaya a madadin abin da ba a iya taɓawa.

Ku sake duban baiti na farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili kafin fitowar rana ya san wannan: ƙasa tana nan da sauran duhu-duhu, amma can ƙololuwar doguwar bishiya ta riga ta yi ja da haske. Ba ƙirƙira ba ce, lura ce. Sai ta yi mutuntarwa, ta ba rimi kai da ido, ya "ga" rana kafin gari. A ɗango ɗaya ta nuna fifikon da karin maganar ke nufi, kuma ta nuna daga sama hasken ya zo masa, ba daga jikinsa ya fito ba. Haka hunturu ya zama mai tuɓe wa mutum riga, ceɗiya ta zama mace mai lulluɓi.

Wani abin kuma, a baitoci huɗu na farko babu inda aka ambaci Allah, amma babu ɗangon da ba aikinsa ake kallo ba. Wa ya fito da ranar? Wa ya aiko hunturun? Wa ke juya iskar? Ubangiji ba a zana shi, ba a kamanta shi da komai, don haka mawaƙin da ke son ya kai mu gare shi sai ya bi ta kan halitta. Ƙarfin waƙar a nan yake.

Inda nake da ja shi ne baiti na ƙarshe. Bayan ta gama nuna mana, sai ta tsaya tana yi mana bayani. Gani ya kori ji, Malama. Da kin tsaya a kan tambayar masaukin auduga, da mai karatu ya ƙarasa sauran da kansa.

Mai Dashen Itace:
Ni ba ma'abocin waƙa ba ne, bishiyoyi na ɗan sani, bari in sa baki ta wannan fuskar. Rimi shi ne masana tsirrai ke kira Ceiba pentandra. A daji mai yawan ruwa yana iya wuce mita 60, gindinsa da faffaɗan saiwoyi da ke tokare shi ta ko'ina. Ceɗiya kuwa Ficus thonningii ce, dangin ɓaure, galibi ba ta wuce mita 20. Don haka tazarar da karin maganar ta gina a kai ta gaske ce.

Amma ga abin da nake so wadda ta ce an mayar da rimi abin tausayi ta sani. Lokacin da rimi ya kaɗe ganyensa da rani, ba wahala yake sha ba, lokacin furensa ne. A kan rassan nan da ake gani tsirara furen ke fitowa, da dare yake buɗewa, jemagu su zo su sha ruwansa suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Daga baya 'ya'yan su ƙosa, su tsage, audugar ta fito da ƙananan iri baƙaƙe a cikinta. Audugar ba nauyi, ba ta saurin shan ruwa, har a da ana cusa ta a rigunan ceton masu tafiyar teku kafin a samu na roba. Wato baiti na biyu da na huɗu labari ɗaya ne: tuɓewar ita ta haifi audugar.

Ceɗiya ita ma tana da nata sirrin. Ba a ganin furenta, don a cikin ɗan yake a ɓoye, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ta wata 'yar kafa ya yi mata barbara. Sannan takan tsiro a kan wata bishiyar, inda tsuntsu ya yar da irinta. Sai ta riƙa sako saiwoyi har su taɓa ƙasa, su yi kauri, su rungume bishiyar da ta ɗauke ta, a hankali su shaƙe ta. Ni dai duk lokacin da na ji karin maganar nan wannan nake tunawa, fushin da ke hawa jikin wani ya rayu a kansa har ya kashe shi. Saiwoyin da Malam ya karanta a matsayin tawali'u, wani zai iya karanta su a matsayin hannun mai shaƙa.

Malam Mai Alli:
Madalla da wannan. Hoto ɗaya ya ɗauki ma'ana biyu masu karo da juna, kuma kowacce tana da madafa a jikin bishiyar. Da a ce marubuciyar ta rubuta "ceɗiya mai tawali'u" da ta rufe mana ƙofa ɗaya.

Inna Mai Haƙuri:
'Ya'yana, ku yi ta maganar baiti, ni wani abu ne ke ci mini rai game da karin maganar kanta. Ana ɗaukarta a toshe bakin wanda aka zalunta. Mutum ya danne gadon ƙannensa, ya yi gini ya yi mota, ƙannen su buɗe baki sai a ce musu Allah ya gyara rimi. Ina! Wannan ba Allah ya gyara shi ba, shi ya kwashe ruwan da za a ba kowa ya zuba a gindinsa. Yarinya ta yi ƙoƙari a wurin aiki, a ɗauki matsayinta a ba wanda yake da uwa a gindin murhu, ta yi magana a ce hassada take. Maganar magabata ba ta zo don wannan ba. Tsawon rimi halitta ne, ba a jikin ceɗiya aka yanko aka ƙara masa ba. Duk wanda zai faɗi karin maganar nan ya fara tambayar kansa: abin da ke hannun wancan, kyautar Allah ce ko haƙƙin wani ne?

Saboda haka ni baitin ƙarshen nan da Malam yake so a cire, shi ya fi kwanta mini. "Kowa da rabonsa." In kowa yana da rabo, to wanda ya haɗa nasa da na wani an san ba rimi ba ne.

Abu Hanan:
Allah ya saka da alheri, Inna. Maganarki tana da tushe. A Suratun Nisa'i, aya ta 32, an hana mu burin abin da Allah ya fifita wasunmu da shi a kan wasu, aka ce mu roƙi Allah daga falalarsa. Amma a surar nan dai, aya ta 10 ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu, aya ta 11 da ta 12 kuma suka yanka wa kowane magaji kasonsa. Hana hassada da tsare haƙƙi tare suka zo, ba a ɗaukar ɗaya a doke ɗaya da shi.

Game da bin halitta don a kai ga Mahalicci, hanya ce da Alƙur'ani ya koyar. A Suratul Gashiya, daga aya ta 17 zuwa ta 20, an ce a dubi raƙumi, da sama, da duwatsu, da ƙasa. A Suratu Ibrahim, aya ta 24, an buga misalin kalma mai kyau da bishiya mai kyau, tushenta a kafe, reshenta a sama. Baiti na huɗu kuwa, ni da na karanta shi ƙarshen Suratu Luƙman ya faɗo mini a rai, inda aka ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu.

Ɗan Auta:
Ikon Allah, ni ban ga mutuwa a baitin ba ko kaɗan. Arziƙi na gani. Rimi ya yi tsawo, ya yi fure, ya tara audugarsa, ƙarshenta bai riƙe ko ƙwaya ba, iska ta raba. To me ceɗiya take wa fushi? Kuma tunda Baba Mai Dashen Itace ya ce akwai iri a cikin audugar, ai inda ta sauka wani rimin ne zai tsiro.

Baban Sadiya:
Inna, na karɓi maganarki hannu biyu, wanda ya ci haƙƙin mutane ba shi da mafaka a karin maganar nan. Amma har yanzu ina kan bakana game da lallashi. Akwai wanda in ka auna da idon duniya ba tsawo ba inuwa, kamar wanda aka haifa da lalurar da ba ta warkewa, yana kallon sa'o'insa suna gudu. Shi me za a lissafa masa? Karin maganar ta fi waƙar jarumta a nan, don ba ta dogara da an samo wa ceɗiya abin alfahari ba. Ta dogara da yarda da Mai yi.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Baban Sadiya, ina ganin inda muka rabu shi ne ni ban ɗauki inuwa a matsayin diyyar tsawo ba. Ceɗiyar karin magana idonta yana kan rimi, ko sau ɗaya ba ta dubi kanta ba, kuma hassada ke nan, mutum ya manta da jikinsa yana ƙirga na wani. Na so in juyo da fuskarta ne. Rabo kuma ba lallai ya zama abin da ake nunawa a yi alfahari ba, ga furenta nan a ɓoye cikin ɗa kamar yadda aka faɗa mana yanzu, ba mai gani amma yana aikinsa. Wanda ka ba da misalinsa, ni ba zan iya cewa ba shi da rabo ba don kawai idona bai kai ba.

Malam, baitin ƙarshe zan bar shi. Wanda ke karatu a takarda yana iya komawa baya ya yi tunani, wanda ake rera wa kuwa sau ɗaya take wuce kunnensa, yana bukatar inda zai riƙe. Kuma ba na son a gama waƙar ba a nuna Mai bayarwa ba.

Malam Mai Alli:
Hujjarki ta rerawa tana da ƙarfi, ba zan musa ba. To in zai zauna, sai ki yi masa aiki. Ƙirga gaɓoɓin: "Na ga rimi tsaye da asuba" gaɓa 10 ne, "Wanda ya ba wannan tsawo ya ba waccan inuwa" kuwa 15. Mai rerawa zai yi tuntuɓe a wurin, numfashinsa ba zai kai ba. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne a kan jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, don haka ki zaɓi kari ɗaya daga baitin farko ki auna sauran da shi. Amsa-amon ma duba shi: rana, sama, ƙasa, masaukinta, rabonsa, wasalin ƙarshe kaɗai ya haɗa su. Ƙasa da rabonsa sun riga sun dace a kan "sa", sai ki gwada ko sauran ukun za su bi su ba tare da kin taɓa hoton rassan da na audugar ba. In kin sake zubin ki kawo mu ji.