Muhawara kan jiragen saman da suka yi farautar jiragen ƙarƙashin teku a 1917

Auwalu: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Na rubuta takarda a kan jiragen saman Ingila masu sauka a kan ruwa, na ce su ne suka ceci ƙasar daga yunwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai malamin da ya duba ya sa jan biro ya rubuta cewa zuƙi ta malle ce. Alhali kuwa tun Fabrairun 1917 Jamus take nutsar da jiragen kaya ba gargaɗi, a Afrilu kaɗai aka yi asarar fiye da tan 800,000, kuma a watan ne jiragen sansanin Felixstowe da ke gabar gabashin Ingila suka fara sintirin da ake kira saƙar gizo, mai faɗin mil 60, wadda cibiyarta jirgin ruwa ne mai fitilar nuna hanya da ke North Hinder a Tekun Arewa, daidai hanyar jiragen ƙarƙashin teku masu fitowa daga Zeebrugge, tashar ruwa ta Beljiyam da ke hannun Jamus a lokacin. Ina ƙaryata a nan?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Auwalu, kafin a kai ga yunwa, ka gyara kalmar "jiragen Ingila". Waɗanda suka fara wannan sintiri ƙirar kamfanin Curtiss ne na Amurka, samfurin H-12, har su Ingilishin da kansu da sunan Amurka suke kiransu.

Hajiya Binta: Malam Habu, ka faɗi rabi ka bar rabi. Gangar jikin Curtiss ba ta jure igiyar Tekun Arewa, shi ya sa John Porte, hafsan sojan ruwan Ingila, ya sake mata gindi mai tsini wanda ke tsaga ruwa lokacin tashi, aka samu samfurin Felixstowe F.2A. Injinan kuma na Rolls-Royce ne. Idan gindi da inji na Ingila ne, me ya rage wa Amurka?

Malam Habu: Fukafukai suka rage mata, Hajiya, kuma ba da gindi ake tashi sama ba. Shi Porte ɗin ma a wurin Curtiss ya yi aiki a 1914, lokacin da ake ƙera jirgin da zai ƙetare Atlantika, kafin yaƙi ya katse shirin. Wanda ya sake wa riga wuya ba shi ya saƙa ta ba.

Hajiya Binta: To ai daga baya Amurkawa ne suka ɗauki ƙirar Felixstowe suka yi nasu F5L a Filadalfiya. Mai saƙa ba ya zuwa aron riga wurin tela. Sai dai na lura, Malam, duk abin da aka taɓo a wannan zaure sai ka kai shi Amurka.

Malam Habu: Ke ma mun san inda kika yi karatu.

Nasiru: Ku yi haƙuri iyayena, amma shi wannan abu ma ba jirgin sama zalla ba ne. Cikinsa kwalekwale ne, a kansa yake zama bisa ruwa. Wanda ya cancanci sunan da Yaya Auwalu ya ba shi shi ne irin Short 184, mai tsayuwa kan tukwanen iyo biyu, wanda a Agustan 1915 ya harba wa jirgin Turkiyya nakiyar ruwa a yankin Dardanelles.

Hajiya Binta: Ɗana, abin da ya tashi da mutum huɗu ya yi kusan awa shida a sama, har da tantabaru a kwando don kai saƙo idan inji ya mutu, shi kake kira kwalekwale?

Auwalu: Don Allah a dawo kan maganata. Sun ceci Ingila ko ba su cece ta ba?

Malam Garba: Auwalu, gaskiya malaminka yana da hujja. A duk yaƙin, jirgin ƙarƙashin teku guda ɗaya galibin masana suka yarda jirgin saman Ingila ya nutsar shi kaɗai, wato UB-32 a Satumban 1917. Bamabamai biyu masu nauyin fam 230 ba sa yin komai sai sun faɗa dab da shi. Amfaninsu shi ne tilasta wa Bajamushe nutsewa, inda gudunsa ke raguwa, batir kuma ke ƙarewa. Abin da ya rage asara shi ne tafiyar jiragen kaya cikin ayari da rakiyar sojan ruwa.

Malam Habu: Kuma wane jirgi ne ya nutsar da UB-32 ɗin? H-12 ne, na Curtiss!

Hajiya Binta: Da injin wa, da matuƙin wa?

Nasiru: Ni dai har yanzu ba a amsa mini batun kwalekwale ba.

Malam Habu: Tunda dare ya yi, bari in taƙaita a matsayina na mai kula da zaure. An yi ittifaƙi cewa jiragen asalinsu na Amurka ne, Porte kwaskwarima kawai ya yi musu, kuma nasara ɗaya tilo da aka tabbatar ta jirgin Curtiss ce. Hajiya ta kawo wasu bayanai a kan inji, an gode mata. Auwalu, ka sauya "Ingila" zuwa "Amurka" a takardarka ka mayar wa malaminka.

Hajiya Binta: Da wa aka yi wannan ittifaƙin, Malam?