Injin dizal na unguwa: abin da aka tattauna

Ga taƙaitaccen abin da 'yan'uwa suka faɗa kan haɗa kuɗi a sayi babban janareta na dizal don unguwa ko kasuwa.

1. Kusan kowa ya yarda a lissafa yawan wutar da mutane ke ja kafin a sayi inji. Idan ya fi ƙarfin buƙata, yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, sai ya riƙa tara baƙin mai a salansa, ya lalace da wuri. Wannan shawarar, a ganina, ta fi kowace muhimmanci.

2. Mai ne ke cin kuɗin. A sa wa kowane shago mita, kada a yi kuɗin bai-ɗaya, don mai walda da mai cajin waya ba ɗaya suke ba.

3. Juyen baƙin mai da canjin tacewa kusan duk awa 250.

4. A Nijeriya, tashar wutar da ba a haɗa da layin kamfanin rarraba wuta ba, kuma ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista da NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, ta ishe ta, sai dai a jihohin da suka karɓi ikon kula da wutarsu.

Inda aka rabu: wasu sun ce a haɗa da sola, injin ya huta da rana. Wasu kuma na tsoron tsadar batura. Masu niƙa sun tsaya kan dizal, saboda injinansu na jan wuta sosai lokacin tashi.