Wace tawada ce ta dace da hoton baƙi da fari?

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu aikin hoto. Ina da shago a Maraɗi, yawancin aikina gyara tsofaffin hotunan iyaye da kakanni ne, a buga a sa a firam. Firintata mai tanki shida ce, tawadar rini take sha, baƙi ɗaya kacal gare ta. In na buga baƙi da fari, a shago ƙarƙashin fitila sai ya yi kore-kore, a fita rana kuma ya koma shunayya, tun da launuka take gaurayawa ta haɗa ruwan toka. Na gwada baƙi zalla, koren ya tafi, amma fuska ta fito da ɗige-ɗige kamar an watsa gero.

Wasu sun ce in zuba figimen, wato tawada mai gari, ta fi jure rana. Tsorona toshewar kan firinta, wurin da ke fesa tawada: da ƙurar hunturu ko yanzu sai na wanke shi, balle tawada mai gari. Kuma baƙinta kashi biyu ne, na takarda mai sheƙi daban.

To wanda ya taɓa juya tankin rini zuwa figimen, kan ya ɗore? Ko in haƙura in tara kuɗi in sayi mai tankin ruwan toka, irin Epson L8180? Tawadarta tana samuwa a Kano, ko sai Yamai?