Kashi uku na yunwa da sanyi: karin maganar Sinawa kan rainon yaro

Uwar Biyu, Guangzhou:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau karin maganar maƙwabta na kawo muku, don tun jiya take yi mini yawo a zuciya.

Shekarata huɗu ke nan a Guangzhou ta ƙasar Sin, inda maigidana yake harkar kaya. A benenmu akwai wata tsohuwa Basiniya da ke rainon jikanta ɗan shekara bakwai. Kullum da yamma ina ganinsu a harabar gida: yana tafe idonsa a kan waya, tana biye da shi da kwano da cokali, da ya tsaya sai ta cusa masa loma. Jakar makarantarsa ma ita ke goyawa. Yaron ya yi ƙiba har in ya hau bene hawa biyu sai ya dafa bango yana haki, kuma wallahi yaro ne mai shiga rai. Jiya wata maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga aikin jinya ta tare tsohuwar ta faɗa mata wata magana, daga baya ta maimaita mini a hankali don in gane: in kana son yaro ya zauna lafiya, ka bar masa kashi uku na yunwa da na sanyi. Ran tsohuwar ya ɓaci, ta mayar mata da tata: iya cin abinci albarka ce.

Mene ne ainihin nufin ta farkon? Yaya za a ce a bar yaro da yunwa? Kuma muna da irinta a Hausa?

Malamin Hausa, Kano:
Wa alaikumus salam Hajiya. Muna da ita mana: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Babu Bahaushen da ya ji wannan ya ɗauka an ce masa ya tsani ɗansa. Ƙin da ake nufi shi ne ka iya hana shi abin da ransa ke so alhali kana da halin ba shi. Haka nake jin yunwar da ke cikin maganar Sinawan. Karin magana kan ɗauki kalma mai nauyi don ta girgiza mai sauraro, shi ya sa tsohuwar ta ji zafi.

Ɗalibin Likitanci, Tianjin:
Malam ya kusa, amma akwai lissafi a ciki da fassara ta ɓoye. Da Sinanci ana cewa san fen ji yu han. Kalmar fen ɗin nan kashi ɗaya ne cikin goma. Wato ciki in an raba shi goma, a cika bakwai a bar uku. Suna da wata ma ta manya da ke cewa a ci abinci a tsaya a ƙoshi kashi bakwai. Sanyin kuma maganar tufafi ce, kada a naɗe yaro da riguna har ya kasa motsi, ya yi gumi iska ta buge shi. Maganar tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin littattafan likitocin yara na gargajiyarsu tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Abin lura shi ne mutanen da suka faɗe ta ba su san lemon kwalba ko waya ba, amma sun riga sun ga gidajen da ake cutar da yaro da gata.

Yanzu kuwa abin ya wuce gidajen masu hali. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Ƙasar Sin ta fitar a ƙarshen 2020 ya nuna kashi 19 cikin 100 na yara 'yan shekara 6 zuwa 17 nauyinsu ya wuce kima ko sun kai ga ƙiba sosai, wato kusan yaro ɗaya cikin biyar. Ƙasa da shekara shida kuma kashi 10.4. Maza sun fi mata, arewacin ƙasar ya fi kudu, ƙauyuka ma suna ta kamo birane. A asibiti ana ganin yaran da ba su balaga ba da kitse a hanta, da hawan jini, da farkon ciwon suga.

Hajiya Kaka, Zariya:
Ni dai ku yi mini uzuri, ina bayan tsohuwar nan. Duk kun taru kuna fassara maganar ma'aikaciyar jinya, ba wanda ya tsaya a kan ta kakar. Iya cin abinci albarka ce, ƙarya ta yi? Wanda ya taɓa zama a gaban yaro mara lafiya yana lallashinsa ya karɓi cokali ɗaya na koko ya ƙi, shi ya san albarkar. Jikokina goma sha ɗaya, kuma har gobe in ɗaya ya ture kwano sai gabana ya faɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗana ɗalibi, ka faɗa mana, wace irin rayuwa matar nan ta yi kafin ta zama mai bin yaro da cokali?

Ɗalibin Likitanci, Tianjin:
Mama, tambayarki ita ce gindin maganar. Kakar yaro ɗan shekara bakwai a yau, za a ce an haife ta wajen 1960 ko 'yan shekaru bayan haka. Daga 1959 zuwa 1961 ƙasar ta yi yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. Waɗanda suka taso bayanta sun girma ana sayen hatsi da takardar rabo, ba a daina amfani da takardun nan ba sai 1993. Nama sai a idi irin nasu, mai kuwa da awo. To mace ta fito daga wannan, sannan a tsakiyar rayuwarta ta ga an buɗe gidajen cin abincin Amurka, KFC na farko a Beijing a 1987, McDonald's a Shenzhen a 1990, yau kuma ko'ina ta juya shagon shayin madara ne mai suga kamar a lasa.

Sai a haɗa da dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga wajen 1980 har ƙarshen 2015. Gidaje da yawa suka zama kakanni huɗu, iyaye biyu, yaro ɗaya. Su da kansu suke kiran irin waɗannan yara ƙananan sarakuna. Iyaye na wurin aiki, tukunya na hannun kaka. Hatta hotunan da suke liƙawa a sabuwar shekara, irin waɗanda ake yi a Yangliuqing nan Tianjin, jariri ne ɓul-ɓul rungume da ƙaton kifi, alamar arziki. Yabon jariri a wurinsu shi ne a ce fari ne mai ƙiba.

Hajiya Kaka, Zariya:
To ka ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Allah ya jiƙan talaka. Ba yaron take ciyarwa ba kaɗai, har da yarinyar da ta kwana da yunwa a cikinta. Amma na yarda, hakin da Uwar Biyu ta ce yana yi a bene ya taɓa ni. Wannan ba albarka ba ce.

Ɗan Kasuwa, Yiwu:
Ni ban yarda abinci ne babban laifi ba, kuma ina ganin karin maganar ta rage wani abu. Ta yi maganar ciki da riga, ba ta yi maganar ƙafa ba. Shekarata tara ina zirga-zirga nan. Mutumin da nake sayen kaya a hannunsa, ɗansa a bayan shago yake aikin gida. Na shiga da rana yana kan kujera, na koma bayan isha'i yana kan kujerar, tabarau a fuska, ledar kayan ƙwalama a gefe. Da safe a bayan babur mai caji ake kai shi makaranta. Uban ya ce mini ba shi da zaɓi, don jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao ita ke raba wanda zai zauna a ofis da wanda zai yi dako, kuma tun firamare ake fara tseren. Yaron da ya wuni a zaune ko kashi biyar ya ci zai tara kitse.

Gwamnatinsu ma ta nan ta ɓullo wa abin. A Yulin 2021 ta rage aikin gida da darussan kuɗi na bayan makaranta: 'yan aji ɗaya da biyu na firamare babu aikin gida na rubutu, 'yan aji uku zuwa shida kada ya wuce minti 60, ƙaramar sakandare minti 90. A Agustan shekarar ta ce yaran da ba su kai 18 ba ba za su yi wasan intanet ba sai awa ɗaya, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Lardin Yunnan ya ɗaga makin motsa jiki a jarrabawar shiga babbar sakandare zuwa 100. In karin magana kuke so, ga wadda ta fi dacewa, na ji ta a bakinsu ya fi a ƙirga: taku ɗari bayan cin abinci, ka kai shekara 99.

Malamin Hausa, Kano:
Alhaji, ka kawo hujja mai ƙarfi, sai dai ban ga ta rushe ta farko ba. Duba kalmar sanyi. Yaron da aka bari sanyi ya ɗan taɓa shi, ai yaron da aka bari ya fita waje ne. Wanda aka naɗe aka zaunar a ɗaki shi ne wanda ba ya jin sanyi. Don haka ƙafar tana ciki, a ɓoye take.

Ɗan Kasuwa, Yiwu:
Malam, wannan kai ka sa mata. Ɗalibi ya ce maganar riga ce. Kada mu ɗora wa maganar mutane abin da ba su ce ba don ta yi mana daɗi.

Ɗalibin Likitanci, Tianjin:
Ku biyun ina ganin gaskiyarku. A asali tufafi ake nufi, amma yau likitocin yara a nan kan jawo ta har zuwa fita waje, musamman saboda ido. A 2020 fiye da rabin yara da matasan ƙasar ba sa ganin nesa da kyau, a babbar sakandare kuwa kusan takwas cikin goma. Zaman da ke kawo ƙiba shi ke cinye ido, kuma hasken rana na cikin abin da ke kare shi. Makarantunsu tun da daɗewa suna da atisayen safe da ake yi a jere da sautin lasifika, an fara shi a 1951, amma minti kaɗan ba sa biyan bashin zaman wuni guda. Shi ya sa a 2024 wasu birane irin su Beijing suka ƙara hutun tsakanin darussa daga minti 10 zuwa 15.

Ma'aikaciyar Jinya, Maraɗi:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina roƙon abu ɗaya. Kada wani ya ɗauki maganar nan ya kai ta inda ba gidanta ba. Ni a sashen yara masu tamowa nake aiki. Uwar da na auna damtsen ɗanta da safe igiyar awo ta nuna ja, alamar tamowa mai tsanani, in wani ya ce mata ta bar masa kashi uku na yunwa, ya zalunce ta. Maganar gidan da tukunya ke cike ce. Ko a gidan ma, ban yarda a yi ta a kan jariri mai shan nono ba, ko yaron da ya tashi daga ciwo. Kuma yaro mai girma ba a hana shi abinci, ana sauya masa abin da yake ci ne: a janye lemon kwalba da soye-soye, a bar shi ya ci da hannunsa, in ya ce ya ƙoshi a yarda da shi. Abin da ya fi damuna a labarin Uwar Biyu cokalin nan ne. Yaron da ake ɗura wa abinci idonsa na kan waya ba ya koyon jin ƙoshinsa.

Malamin Hausa, Kano:
Allah ya saka miki, 'yar uwa. Kin kuma sa na sake duba abin da na ce da farko. Ka so naka duniya ta ƙi shi maganar hali ce da tarbiyya, abin tsoro a cikinta shi ne bakin duniya. Ta Sinawan maganar jiki ce, ba ruwanta da abin da mutane za su ce. Sun haɗu a gata, sun rabu a nan. Wadda ta fi kusa da ita a wurinmu ba karin magana ba ce, hadisin nan ne da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Kashi ɗaya cikin uku da kashi uku cikin goma ba su yi nisa da juna ba. Mun haddace shi tun muna yara, amma da wuya ka ji an tuna shi a kan kwanon yaro.

Hajiya Kaka, Zariya:
Malam, da wuya kam. Ni ma ban taɓa kawo shi a kan jikokina ba sai yau.

Uwar Biyu, Guangzhou:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Maganar Mama ce ta hana ni yi wa tsohuwar kallon da na fara yi mata, maganar 'yar uwata ta Maraɗi kuma ta sa na duba gidana. Ƙaramin ɗana ni ma da waya nake lallashinsa ya ci tuwo, ban taɓa ɗaukar hakan komai ba. Daren jiya na karɓe wayar, ya ci rabin abin da ya saba ya ce ya ƙoshi, na danne zuciyata na ɗauke kwanon.

Da yamman nan na sami tsohuwar a harabar gida, ta cika wa yarana aljihu da lemu kamar yadda ta saba. Ban yi mata maganar yunwa ba. Na ce mata da ɗan Sinancina yarana na zuwa filin ƙwallon kwando na bayan bene kullum bayan makaranta, ko za ta bar jikanta ya bi su. Ta daɗe tana kallona, ta tambayi ƙarfe nawa za su dawo, ko akwai mota a hanyar. Daga ƙarshe ta ce to, gobe, amma sai ya sa rigar sanyinsa, kuma ita ma za ta zo ta zauna a gefe.