Ma'ajinmu kullum sai ya ja da ni a mitin, in cire shi ne ko yaya?

Slm jama'a, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni ne ciyaman na wata ƙungiyar matasa ta aikin gayya a unguwarmu nan cikin Kano, aikinmu yashe kwatoci kafin damina, cike ramuka a maƙabarta, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kuma mu fito tsaftar muhalli. Ba mai albashi a cikinmu, karo-karo muke yi. Matsalata ma'ajinmu ne, wlh duk abin da na kawo sai ya ce shi bai gamsu ba, ko ruwan leda aka siyo sai ya ce a rubuta masa. Na kwanan nan wani ɗan siyasa ya ce zai ba mu baro da shebur da riguna amma da hotonsa a jikin rigar, kowa ya yi shiru alamar an yarda shi kaɗai ya miƙe ya ce in aka karɓa mun zama 'yan kamfen, har mitin ya watse ba a tsayar da magana ba. Yanzu wasu na ce min raini ne, in sauke shi kawai. Mene ne shawara?

Wani matashi daga Kaduna:
Cire shi kawai malam, sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Irinsu kujerar suke so.

Wani tsohon sakataren ƙungiya:
Ƙanena kar ka bi ta waccan shawarar. Ni abin da ya tsaya min a labarinka ba ma'ajin ba ne, shirun nan ne da ka ce alamar an yarda. Wa ya gaya maka? A aikin sa kai wanda bai yarda ba ba ya musu da kai, daina zuwa yake yi, yau ya ce mashin ɗinsa ya lalace gobe ya ce an aike shi kasuwa, tunda ba albashinsa za ka yanke ba, kafin ka farga ku biyar ne a bakin kwata. Shi wannan da ya faɗa maka a fuska aƙalla ka san inda ya tsaya, kuma na tabbata akwai masu ra'ayinsa a cikin masu shirun, kunyarka kawai suke ji. Maganar riguna kuwa gsky yana da hujja, ranar da kuka fito da hoton mutum ɗaya a ƙirji duk gidan da ke ɗaya jam'iyyar ya daina ba ku gudummawa, zaɓe zai wuce ku kuma kuna unguwar.

Wata malamar Islamiyya:
Ɗan uwa ka duba tarihi mana. A Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Annabi SAW ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce dabara ce ya ce to a matsa kusa da ruwa, kuma aka matsa. A Uhudu Annabi ya fi son a zauna cikin Madina, matasa suka matsa a fita, aka fita aka sha wuya, amma duk da haka aya ta 159 a Ali Imrana ta zo da umarnin a ci gaba da shawara da su. To bare ƙungiyar yashe kwata. Sai dai shi ma a gaya masa gyara da ladabi ake yi, ba a gaban yara ana ɗaga murya ba.

Mai tambaya:
Malama na gode, amma fa saboda shi mitin ɗin awa ɗaya sai ya kai uku, mutane sun fara gajiya.

Tsohon sakataren ya dawo:
To wannan rashin tsari ne ba laifin musu ba. Kuna da kundin tsarin mulki kuwa? Ko rijista za ku yi da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rijista, sai an nemi shi ai. Ku rubuta cewa kowace magana mai goyon baya ya yi minti uku mai ja ya yi minti uku sai ƙuri'a, in maganar mai nauyi ce irin ta ɗan siyasar nan a yi ta a takarda a ninke ba ɗaga hannu ba, don kar wani ya ji kunyar idonka. Abin da rinjaye ya ɗauka sakatare ya rubuta, shi ma ma'ajin dole ya bi, in ya fita yana zagin hukuncin a majalisar mai shayi to a nan ne ya yi laifin da za a zauna a kansa. Kai kuma ka riƙa yin magana a ƙarshe, in ciyaman ya fara faɗin ra'ayinsa sauran amin kawai suke cewa.

Wata 'yar uwa daga Zariya:
Ni dai ma'ajin da ke neman a rubuta kuɗin ruwan leda ku riƙe shi hannu bibbiyu, tamu ƙungiyar a kan kuɗin da ba a rubuta ba ta mutu. Kuma ku koma wurin mutumin ku ce kuna son baro da shebur ɗin amma ba rigar, ku ji me zai ce.