Ƙafata na zamewa daga feda in an yi ruwa, wace iri zan saya?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine babur na koma keke, da shi nake zuwa makaranta kullum a nan Kaduna, kusan kilomita 9 zuwa, 9 dawowa. Ba son raina ba ne, albashin ne ba ya kai wata, ga yara huɗu, ga kuɗin haya, ga mahaifiya a gida. Da rani ban ga matsala ba. Amma tun da damina ta kankama hankalina bai kwanta ba. Shekaranjiya bayan an ɗauke ruwa na miƙe tsaye zan hau ɗan tudu, ƙafar dama ta suɓuce, feda ta dawo ta doke ni a ƙwauri, saura ƙiris in faɗa gaban mota. Mai ɗakina ta ce in ajiye keken sai kaka, ni kuwa ba ni da kuɗin motar. Fedar baƙar roba ce, da ita keken ya zo. Ba na son irin wadda ake maƙala takalmi a jiki. Wace zan saya da za ta riƙe ƙafa?

Oga Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare gaba. Fedarka ta riga ta gama aiki. 'Yan ƙurajen da ke samanta na roba ne, takalmi ya cinye su har sun yi sumul. Da ruwa ya shiga tsakanin tafin takalmi da robar sai ka ce an shafa sabulu, in jar laka ta haɗu a ciki ya fi muni.

Nemi feda mai faɗi mai haƙoran ƙarfe, 'yan ƙusoshi da ake ɗaurawa a jiki, 8 zuwa 10 a kowace fuska, masu tsayin milimita 3 zuwa 5. Su ne suke huda ruwan su nutse cikin tafin takalmi. Tsakiyarta ya zama a buɗe don laka ta zube ƙasa. Ka ɗora mata rula daga gaba zuwa baya: in gefuna sun fi tsakiya tudu, ita ce mai kyau, ƙafa za ta zauna ciki kamar a kwano. In kuwa wajen sandar da fedar ke juyawa a kanta ya yi tozo a tsakiya, ƙafarka a kan tozon za ta tsaya, haƙoran ba za su kama sosai ba. Faɗi santimita 10 da 10 ya isa, in lambar takalminka ta wuce 43 nemi mai 11.

Jikinta nailan ne ko alminiyam, wannan bai shafi riƙo ba, haƙoran ne aikin. Misali, fedar Race Face Chester da OneUp Composite na nailan ne, DMR V12 alminiyam ce. In da hali ɗauki wadda ake ɗauro ƙusoshin ta baya, don ko saman ya lanƙwashe kan ƙusar na nan lafiya, alanki (ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake kwance sukurori da shi) zai fitar da ita. Masu ramin alanki a sama, laka na toshe ramin, dutse na daddage shi, ranar canzawa sai an yi da filaya.

Amma ba ka faɗi wane keke ba ne, kuma wane takalmi kake sawa?

Ɗan Filato: Oga, da girmamawa, wannan fedar ta masu hawan duwatsu ce. Mutum zai je aji da dogon wando. Ranar da ƙafa ta kuɓuce daga mai haƙoran ƙarfe ba bugu kawai zai sha ba, tsaga ƙwaurin za ta yi, kuma tana kama bakin wando. Akwai na cikin gari da aka lulluɓe samansu da abu mai kaushi kamar samfefa, irin Ergon PT, akwai kuma Look Geo City Grip mai robar Vibram, kamfanin da ke yin tafin takalmi. Suna riƙewa a kwalta mai jiƙa, ba sa lalata takalmi.

Oga Mai Gyara: A kwalta mai tsabta, na yarda. Amma ya taka laka sau ɗaya kafin ya hau, kaushin ya cike, an koma gidan jiya. Kuma samfefar tana cinyewa tana ɓamɓarewa daga gefe. Su waɗancan don titin Turai aka yi su. Zancen ƙwauri kuwa, ai don kada ƙafar ta kuɓuce ake sa haƙoran.

Malamin Firamare: Na gode ƙwarai. Keken na gwanjo ne mai giya, sunan ya goge. Takalmi sau-ciki nake sawa na fata, tafinsa sumul. Amma ba na jin laifin takalmin ne, da shi na yi rani gaba ɗaya bai taɓa zamewa ba.

Oga Mai Gyara: To Malam, ga rabin matsalar nan. Da rani komai riƙewa yake. Haƙori sai ya samu abin da zai nutsa ciki. Tafin fata in ya jiƙe santsi yake, haƙoran kuma za su ragargaza shi kafin damina ta fita. In kuwa irin roba mai taurin nan ce kamar ƙashi, a kan ƙusoshin zai riƙa yawo. Abin da ya dace shi ne kambas mai shimfiɗaɗɗen tafi na roba mai laushi, wanda in ka danna farce zai lotsa. Mai manyan gululu a ƙasa bai dace ba, ƙusoshin suna faɗawa cikin ramukan ba su taɓa komai. Ka ajiye sau-cikin a makaranta, in ka isa ka canza.

Malamin Firamare: Oga, ba mu da inda ake kulle kaya, kuma ba zan shiga ƙofar makaranta da kambas a gaban ɗalibai ba. Ban da haka kuɗin feda kaɗai na ware.

Yaya Babba: Akwai mafita a tsakani. Kai wa shumeka takalmin ya kankare tafin, ya manna masa roba mai laushi mai kaurin milimita 3 ko 4, ya bi da ɗinki don gam kaɗai ba ya jure ruwa. Daga sama ba wanda zai gane. Sai dai dundunniyar sau-ciki tana da tudu, kada ka bari feda ta maƙale a lungun da ke gabanta.

Mai Kayan Keke: Ni abin da ke ci mini rai shi ne jabu da ya cika kasuwa. Za ka ga an buga sunan babban kamfani a jiki, launi iri ɗaya, amma sandar ƙarfe ce mai laushi. Mutum ya miƙe a kanta wata biyu ta lanƙwashe, sai ya ji ƙafarsa na rawa duk zagaye, kuma mu masu sayar da na gaske mu ake zagi da tsada. Kafin ka biya, riƙe sandar ka girgiza jikin fedar gefe da gefe, in akwai motsi ajiye ta. Juya sandar da yatsa: mai kyau tana juyawa a hankali ba ƙara, saboda giris da robar da ta rufe bakin. Wadda ke wulwulawa kamar fanka ba giris a cikinta. Kuma sa alanki ka gwada ƙusa ɗaya, wasu haƙoran zubin jiki ɗaya ne da fedar aka yi musu fenti.

Direban Keken Kaya: Duk wannan dogon zance ne. A sa sukurori 6 a kowace fuska ta tsohuwar fedar, a bar kawunansu a waje, an gama. Ko ya sa maɗaurin yatsu irin na da. Ni dai kukana magudanan ruwa ne, ruwa kaɗan titi ya zama kogi, feda har nutsewa take, ba wanda ya damu da mai keke.

Oga Mai Gyara: Sukurori a tsohuwar roba ba sa zama, robar siririya ce, za ta tsage ko su fice ɗaya bayan ɗaya. Maɗaurin yatsu kuma a cikin cunkoson gari haɗari ne, in mota ta tsaya kwatsam ƙafar ba za ta fito da wuri ba. Amma zancen nutsewa gaskiya ne. In fedar mai ƙwallayen boris a sake ce, ruwa na wanke giris, sai tsatsa da ƙara. A cire murfin gefe, a wanke da kananzir, a bushe, a cika sabon giris farkon damina da ƙarshenta. A ɗaure mazugin da ke danne ƙwallayen har motsi ya ɓace amma tana juyawa, sannan a kulle noti. Mai rufaffen boris ta fi jure ruwa.

Malam, ranar sayen cire tsohuwar ka tafi da ita. Yawancin kekunan manya tiredinsu, wato zanen sukurin da ke bakin sandar feda, 9/16 na inci ne, amma masu hannun feda ƙarfe ɗaya da ya ratsa daga hagu zuwa dama 1/2 ne, ba sa shiga juna. Da sufana mai lamba 15 ake kwance ta, wasu sai alanki 6 ko 8 ta baya. Duba L (hagu) da R (dama) a jikin sandar. Ta dama yadda aka saba take ɗauruwa, ta hagu tiredinta a juye yake, nan mutane ke lalata hannun feda. Hanya mai sauƙi: dukansu biyu ɗaurewa wajen tayar gaba, kwancewa wajen tayar baya, in sufanar na sama. Shafa giris a tiredin, ka fara da hannu zagaye uku ko huɗu. In ta yi tauri tun farko ta karkace, fitar ka sake. Sannan ka ɗaure sosai, in ta yi sako-sako za ta cinye tiredin alminiyam.

Ɗan Filato: Har da yadda ake takawa. Kada ka taka da yatsu, sandar ta zama ɗan bayan tudun babban yatsa, ka sauke dunduniya kaɗan. A tudu sa giya mai sauƙi ka zauna a sirdi. In sirdin ya yi tsayi da yawa ma ƙafa na rasa nauyi a ƙasan zagaye. Ni har yanzu ban yarda da haƙoran ƙarfe ga mai sau-ciki ba.

Malamin Firamare: Ai tudun nan ba ya hawuwa a zaune, giyar baya biyu ba sa shiga. Sirdin kuma haka na saba da shi. Na leƙa wani shago yau na ga wata mai faɗi, haƙoranta na roba ne amma dogaye, kuɗinta daidai aljihuna. Ba za ta yi ba zuwa ƙarshen damina?

Oga Mai Gyara: Sabuwa za ta fi wadda kake da ita, amma da wannan tafin takalmin za ta zame, kuma haƙoran roba ba sa daɗewa. Gyara giyar tukuna, wataƙila wayar ce ta saki.

Yaya Babba: Malam, turo hoton fedar da na ƙasan takalmin mu gani.

Malamin Firamare: In sha Allahu in na dawo gobe. Amma dai takalmin ba zan canza ba.